Hoton Kan Luba

Marka ta tsare ni a Gummi kwana biyar a bana. Na zo duba Inna ne da niyyar kwana biyu, sai sama ta kece ta ƙi tsayawa, gulbi ya cika ya hau fadama, direbobi suka ce babu mai tsoma motarsa. Inna tana zaune a gidan ƙanenta tun shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, can gefen 'Yargalma. Yanzu ba ta da gona, ba ta da rumbu, amma hannunta ya ƙi yarda da haka. A rana ta uku ta fita bayan katanga cikin yayyafi, ta tsinko tafasa cike da gefen zani, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli. Ni kuwa warin dafaffiyar tafasa ba na ƙaunarsa ko kaɗan. Yana shiga hancina raina ya ɓaci, domin ita muka ci har muka gaji a daminar da dalma ta kwashe mana yara.

Shekarata goma sha tara a lokacin, na gama sakandare a Anka, ina zaune gida ina jiran sakamako. Tun ranin shekarar da ta gabata mazan garinmu suka gano dutse mai zinari a daji. Baba, wanda tun da na buɗe ido ban taɓa ganinsa da wata sana'a ba sai noma, ya jingine garma ya bi su. Da yamma sai su dawo da buhunan dutse a kai, su zube a tsakar gida, mata su daka a turmin da ake surfen gero, a tankaɗe a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta kwanta a kan tulu, a kan faifai, a kan shimfiɗa. Daga nan yara suka fara amai, suka fara jijjiga, aka fara fita da su a tabarma. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma har yau in na ji namiji ya gyara zama yana cewa abin ƙaddara ne kawai, sai in ji zuciyata tana tafasa. Buhun nan a kan mutum ya shigo gidanmu, kuma na san mutumin, Baba ne.

Da ruwa ya sauka sai likitocin agaji suka zo, suka auna jinin yara, suka ce gubar dalma ce, tana cikin dutsen, yanzu kuma tana cikin ƙasar gidajenmu. Aka hana daka dutse a gari. Aka tara samari da fartanyoyi suna kankare ƙasar kowane gida, ana ɗurawa a buhu ana kaiwa rami, ana kawo wata daga nesa ana shimfiɗawa. Da ƙasarmu suka tafi da ɗan lambun Inna na bayan ɗaki, da kuɓewarsa da ramarsa da suka fara fure. Suka tafi da turminmu da taɓare biyu. Manya daga birni ma sun zo kallo sau ɗaya, sun tsaya a bakin mota da hankici a hanci, ko zaure ba su shiga ba.

Abin da ya rage mana shi ne yunwa. Baran ba a yi noman kirki ba saboda zinari, bana kuma an yi shuka a makare saboda jana'iza. Rumbu ya koma sai amo. Gida bakwai muka koma turmi ɗaya, wanda wata Bafulatana ƙawar Inna ta aro mana daga ruga, tunda nasu bai taɓa ganin dutse ba. Ana idar da sallar asuba za ki ga mata sun yi layi da ƙorai, kowace da ɗan abin da bai cika tafi biyu ba, ana daka ana tsegumi a kan wadda ta daɗe. A haka azumi ya kama mu, cikin tsakiyar marka. Mu yi sahur da kunun dusa, mu fita gayyar maimai, yau gonar wannan gobe ta wancan, laka tana riƙe ƙafa, ciyawa tana komawa ta kama bayan an cire ta. In ruwa ya ɗauke rana ta buɗe, sai ƙasa ta yi ta huci, zufa ta hana mutum numfashi, ga ruwa kwance ko'ina ba halin sha. Da la'asar mu biya ta bakin rafi mu tsinko tafasa. A sha ruwa da tafasa, a kwanta da tafasa. Itace jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya cika ɗaki, tufafi ba sa bushewa, kowa yana warin danshi.

Luba ita ce autarmu, shekararta huɗu. Kafin ciwon nan bakinta ya fi ƙarfin jikinta. Ba ta kirana Yaya sai in tana son wani abu, sauran lokaci Boko take ce mini, ta ɗauki littafina a juye tana karanta wa kaji. Dalma ta kama ta ita ma. Aka kwantar da ita a Bukkuyum tare da sauran yara, aka yi ta ba su magani, gubar ta ragu a jininta kamar yadda ta ragu a na kowa. Sauran yara suka fara wasa. Luba kuwa jijjigarta ba ta bari ba, kuma kullum ɓarin dama take kamawa, hannun dama ya fara saki. In ciwon zai taso sai ta dafe kanta ta hagu, daidai saman kunne, ta yi ta kuka.

Wata likita a cikin likitocin agajin ta kira ni gefe, tunda ni ce mai jin Turanci a gidanmu. Ta ce tana zargin akwai wani abu daban a ɓarin hagu na kan Luba, ƙurji ko taruwar ruwa, ba dalma kaɗai ba. In haka ne, akwai masu iya cire shi, yarinya ta tashi. Amma babu likitan da zai buɗe kan yaro a kan zato, sai an ga hoto. Ta samar mana rana a wani babban asibiti mai nisa, inda suke da injin da ake kira MRI, kuma motarsu za ta kai mu ta dawo da mu. Gurbin ɗan rakiya ɗaya ne. Ta ba ni takarda, ta maimaita mini sharaɗi biyu har sau uku: kada Luba ta ci komai tun asuba, saboda allurar barci, kuma kada a bar ko ƙwayar ƙarfe a jikinta.

Ana gobe tafiya, an riga an sallamo ta gida, ina can gayya, Inna ta zaunar da Luba ta yi mata kitso. Na dawo na tarar da kai ya yi tsaf, ƙanana-ƙanana, har na yaba. Na zauna na cire mata 'yan kunne, na zare awarwaro, na kwance layar wuyanta mai ɗan zobe, har jigida na tuɓe don kada a ce. Sannan na juya wajen Inna, tana bakin murhu tana fifita jiƙaƙƙen itace, na tambaye ta ko akwai sauran ƙarfe a jikin yarinyar. Ba ta ɗago ba.

"Ai kin hidda abin da kinka gani," ta ce.

Ni da karatuna, na ɗauka yabo ne. Tana azumi, ba ta so ta yi ƙarya, ta nemi hanyar da za ta bi ta wuce ni, ni kuma na matsa mata ta wuce. Wannan wautar tawa ce, ba na ɗora wa kowa.

Mun tashi da sassafe. Hanya ta lalace, sau biyu muna sauka ana tura mota. Luba ta fara neman koko tun kafin mu hau kwalta. Yarinyar da wata biyu ba ta ƙoshi ba, ranar da direba ya miƙo mata biredi ni ce na buge hannunta. Ta ce, "Yaya, kaɗan ɗai." Na ce a'a. Ta juya mini baya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni ma ina azumi, bakina ya bushe ƙam, ina gaya wa kaina cewa yunwar yini ɗaya ce za ta saya mata rai.

Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Ma'aikacin ɗakin ya miƙo mini takarda, ya karanto tambayoyi da sauri idonsa na kan agogo. Akwai ƙarfe a jiki? Na ce babu, na sa hannu da sunana cikakke, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe irin na 'yan makaranta. Bai taɓa kanta ba. Aka yi mata allura ta yi laushi, aka kwantar da ita a wani gado siriri, aka tura kanta cikin injin. Ɗakin sanyi kamar randa. Injin ya yi ta bugawa, ƙwanƙwasa bayan ƙwanƙwasa, kusan minti arba'in, ni kuma ina tsaye bayan gilashi ina karanta duk addu'ar da na iya.

Da hoton ya fito a kwamfutarsa sai na ga mutumin ya yi tsaki ya miƙe. Ɓarin dama na kan ya fito sarai. A ɓarin hagu kuwa, saman kunne, wani baƙin rami ne kamar an ɗiga tawada, gefensa ya karkace ya yi fari. Ya shiga ya cusa yatsunsa cikin kitson, ya lalubo, ya ɗauko reza ya yanke tushen kitso ɗaya. Ya jefo abin a kan tebur a gabana. Ɗan guntun ƙarfe ne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, an lanƙwasa shi an naɗe da baƙin zare.

Na san shi. A wajenmu, yaron da ke jijjiga akan je wa maƙeri ya gutsuro bakin tsohuwar fartanya, ya lanƙwasa, uwa ta kitse shi cikin gashi daidai inda ciwon yake. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a faɗa wa kowa. In an faɗa ya karye. Inna ta lura da inda Luba ke dafewa tun kafin likita ta lura, ta sa ƙarfenta a wurin ba kuskure. Daidai wurin da muka yini da yunwa don a gani.

Mutumin ya wanke ni tas a gaban jama'a. Ya ce mu mutanen ƙauye ba ma jin magana, ya nuna mini sa hannuna, ya ce da injin mai ƙarfi ne da abin ya fizge ya tsaga mata kai. Na roƙe shi ya sake. Ya ce ba a yi wa yaro allurar barci sau biyu a yini, ga layi a bayanmu, mu dawo bayan salla. Gaskiyarsa ce a kan allura. Amma yatsun da ya sa ya lalubo ƙarfen cikin ƙiftawar ido, yana da su tun kafin ya kunna injin. Har gobe ban yafe masa wannan ba. Ya miƙo mini hoton a baƙar leda cikin ambulan, wai ko ba komai mu tafi da shi.

A gida na ce wa Baba hoton bai fito da kyau ba, za a sake. Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗauki Luba ta ɗora a cinya, ta shafa kanta, hannunta ya tsaya a inda aka yanke. Ta dube ni, na dube ta. Da na buɗe baki a ranar da na faɗi abin da 'ya ba ta faɗa wa uwa, shi ya sa na fita na zauna a bayan ɗaki, a kan baƙuwar ƙasar da aka shimfiɗa mana.

Bayan salla aka ce injin ya lalace, ana jiran mai gyara daga Legas. Da aka gyara, ruwa ya cinye gada. Da ruwa ya janye, an mayar da likitar nan wani gari, wanda ya gaje ta bai san zancen ba, ya ce in kawo takarda, na kawo, ya ce in dawo. Gero ya nuna. Ranar da Baba ya yanko na farko, yara suna gasa tumu a kowane gida, gari ya cika da ƙamshi, jijjiga ta kama Luba da hantsi ba ta sake ta ba. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Abinci ya zo, har ya yi yawa a shekarar, na riƙa kallon dammunan gero ina jin haushinsu.

Daga nan ni da Inna muka zauna lafiya irin ta mutanen da ke kewaye rami ɗaya. Ina gaishe ta, ina yi mata aike, ina yi mata ɗinkin salla. Sunan Luba ba ya shiga tsakaninmu. Sakamakona ya fito, na tafi karatu, kuma ba zan ce son ilimi ne ya kai ni inda na je ba. Fushi ne. Na bi lissafi da kwamfuta har na kai ga masu binciken yadda ake haɗa hoton injin nan, don ina so in san abin da ya cinye ɓarin kan ƙanwata.

Ashe injin ba ya ɗaukar hoto yadda kyamara ke yi. Ƙaton mayen ƙarfe ne. Yana taɓa ruwan da ke cikin jikin mutum, ruwan ya amsa da wani ɗan amo da kunne ba ya ji, injin ya saurara ya tara amsoshin, sannan kwamfuta ta yi lissafi ta mayar da kowace amsa mazauninta, hoto ya fito. In ƙarfe yana kusa, sai ya murɗe jan mayen, amsar wurin ta watse ko ta faɗa inda ba nata ba. Aikinmu shi ne gyaran wannan lissafi. Muna tace hayaniya daga cikin amsa. Muna koya wa kwamfuta siffar kawunan mutane masu yawa, yadda in ta sami amsa kaɗan za ta iya haɗa hoto cikakke, yaro ya kwanta ɗan lokaci ya tashi, wani ma ba sai an yi masa allura ba. A ɗakin da ke kusa da nawa akwai masu aiki da wani haske da ake kira terahaz, mai ratsa tufa ya nuna abin da aka ɓoye a ƙarƙashi. Ranar da suka gwada mini, suka naɗe allura a ƙyalle ta fito ɓaro-ɓaro a kwamfuta, kowa yana murna, ni na fita waje don kada in fasa musu wani abu.

Abu ɗaya nake nanata wa ɗalibaina har sun gaji da ni. Inda amsa ta zo da rauni, ana iya tallafa mata. Inda ba ta zo ba sam, duk abin da kwamfuta ta zuba a wurin ƙage ne. Duk da haka, bara na ɗauko ambulan ɗin nan daga ƙasan akwatina, na ɗauki hoton ledar na sa a kwamfuta, na sakar masa tsarin da na shekara uku ina ginawa. Bai ɗauki lokaci ba. Ramin ya cike, karkacewar ta miƙe, ga kan yarinya lafiyayye sumul, hagu da dama kamar tagwaye. Na san ƙarya ne, kuma na kasa sharewa.

A rana ta huɗu ta markar nan ina zaune a ɗakin Inna ina aiki, ruwa yana dukan kwano. Ta jawo tabarma kusa da ni, tana kallon kawunan mutane suna wucewa a gilashin kwamfutata. Ta tsufa, idonta ya fara hazo, sai ta matso da fuska sosai. Can ta yi gyaran murya.

"Saratu, wanga aiki naku, shina gyara hoton da yal lalace?"

Shekara goma sha biyar ban ji ta kusanci zancen ba. Na buɗe hoton Luba na farko, mai ramin, na bar ta ta gani. Sannan na buɗe gyararren. Ta daɗe tana kallonsa, leɓenta yana motsi.

"To ashe ba komi ciki," ta ce a hankali. "Alhamdulillahi. Ashe ko an gani, ba abin da za a hidda."

Da na yi shiru da shi ke nan. Tsohuwa ce, an raba ta da garinta, mijinta ya rasu, abin da take roƙo bai fi in gyaɗa kai ba. Na so in gyaɗa. Amma na tuna hannun da na buge a mota, sai na fasa.

"Ba kan Luba ba ne, Inna. Injin bai ji komai daga wurin ba, ƙarfen ya toshe. Kwamfuta ta ari kawunan 'ya'yan wasu ne ta cike gurbin."

"To da babu ƙarhen, mi za a gani?"

"Ban sani ba. Babu wanda zai taɓa sani."

Na faɗa ne don ya yi mata zafi, kuma ya yi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Ta ce ita duk shekarun nan tana cewa cire shi da aka yi ne ya kashe yarinyar, kuma ni ce na tsaya aka cire. Na ce ni kuma ina cewa sa shi da ta yi ne. Ba ta musa ba, ni ma ban musa ba, babu kuma wadda ta ce wa 'yar'uwarta ta yi haƙuri. Ruwa ya ci gaba da zuba. Ta sake matso da fuskarta ga gilashin, ta ƙura wa kyakkyawan kan ido, sannan ta ja baya.

"Share wanga," ta ce. "Ɗiyan mutane na. Maido min tawa."

Na share shi. Na mayar mata da mai ramin.